Sawun Yatsa a Gindin Randa

Ranar Litinin

Maigidana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, tarin nan ya sake ka, kuma malamanku na makarantar fastoci ba su ƙarasa cinye maka ido da karatu ba. Mu nan lafiya, sai gajiya. Idon Mama yana nan yadda ka bar shi, yanar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba.

Kwana goma sha ɗaya ina fara wannan wasiƙa ina yagewa. Ranar Lahadi da ka kira na so in faɗa maka, amma ka san mahaifiyarka, tun da ido ya ja baya kunne ya ninka. Ko bayan ɗaki na koma tana jin numfashina. Shi ya sa na ba direban motar da take zuwa wajenku takarda.

Ranar wata Juma'a abin ya fara. Mama ta tafi asibitin ido da matar fasto, ta bar mini randa uku a rumfa, manyan nan da ta yi mako biyu tana ginawa da lalube. Ba su gama shan iska ba. Abu ɗaya ta ce mini a bakin ƙofa: "Inuwa tafiya take yi, 'yata. Ki bi ta." Ka san rumfar, da ƙarfe ɗaya rana take shigowa ta gefe, sai an ja tukwane ciki.

Na ce to. Na zauna a kan turmi da wani littafi da na aro, saura babi huɗu. Labarin wata ma'aikaciyar gidan waya ne da ta ɓoye wasiƙar wani mutum shekara bakwai. Na ce bari dai in ga ko za ta faɗa masa. Da na ɗaga kai ƙarfe uku ta wuce, randunan suna tsaye a rana kamar 'yan makarantar da suka makara. Biyu sun tsage daga gindi. Tsagar siririya ce kamar zare, amma ta ratsa har ciki.

Na san abin da ake yi. A farfasa su, a mayar cikin ruwa, su koma yumɓu, a sake. Amma aikin mako biyu ne na tsohuwar da ba ta gani, kuma sai na faɗi dalili. Sai na juya tsagar ta fuskanci bango. Mama ta dawo da umarnin likita kada ta sunkuya, kada ta shiga ƙura, har mako guda, don haka ba ta shiga rumfa ba. Ranar Laraba da yamma na kwaɓa ɗanyen yumɓu na cusa a tsagar ta ciki, na danna da babban yatsa, na shafe ta waje har ta yi sumul. Na ji daɗin kyan aikina, ka ji rashin hankali.

Da safiyar Alhamis, ranar gashi, Mama ta tambaye ni, "Sun bushe?" Na ce, "Sun bushe ƙayau, Mama."

Ka san yadda ake yi a matoya, wurin gashin tukwane. Mu gida tara ne, tari ɗaya ake yi, wuta ɗaya. Iya Mai Wuta ce take jerawa, ita take kunnawa, kuma randunan Mama take sawa a tsakiya, sauran su jingina da su, don shekara talatin ba a taɓa jin tata ta fashe ba. Wuta ba ta yi rabin awa ba muka ji ƙara kamar an harba bindiga, sai ta biyu. Tarin ya rufta ta tsakiya. Fiye da rabin tukwanen mutane sun tafi. Akwai wadda ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

Da toka ta huce Iya Mai Wuta ta tono wuyan randa mai zane uku, alamar Mama. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "'Yar'uwa, ido ya tafi, hannu ya bi shi. Ki huta haka nan." Matan suka amince ba za a ƙara sa tukunyar Mama a tari ba. Mama ta ce, "To." Ina tsaye a bayanta riƙe da sandarta, bakina a rufe.

Ni ce, Maigida. Ba hannun Mama ba ne. Ka faɗa mini abin da zan yi.

Matarka


Ranar Asabar

Uwargida 'Yar Littafi,

Alheri da salama su tabbata gare ki. Tari ya tafi, sai dai abincin makaranta yana nan yana koya mana haƙuri. Ki gai da Mama, ki gai da fasto da iyalinsa.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Na yi dariya a wurin turmi, na yi hawaye a ƙarshe. Ke dai ba za ki canza ba. Kin manta ranar da na zauna a kan tabarau ɗin Mama, kika ruga kika ce ke kika taka shi? Yanzu kuma randa. Har da ɗanyen yumɓu da babban yatsa, kin tsara shi tsaf kamar babi na tara. Da ban san ki ba da na yarda.

Amma labarin ya riga wasiƙarki isowa. Yayata ta kira Mama, Mama da bakinta ta ce hannunta ne. Wa zan gaskata, mai randa ko mai littafi? Allah ya saka miki da wannan zuciya, amma ba sai kin ɗauki kayan da ba naki ba. Tsufa ba abin kunya ba ne.

Ni da Yaya mun yi magana mai tsawo. Sana'ar nan ce kaɗai ta riƙe Mama a gidan, ke kuma Mama ce ta riƙe ki, don ba ta iya ɗaukar tukunya ko ganin inuwa sai da ke. Tunda an rufe mata matoya, zaman me? Yaya tana da ɗaki, kuma ita nas ce, ido zai samu kulawa. Ƙarshen wata mai zuwa za ta turo mota.

Yanzu ki zauna da kyau kafin ki karanta wannan. Na nemi ɗaki a sashen ɗalibai masu iyali, an ba ni! Shekara biyu da aure, wata biyar kawai muka yi tare, na lissafa. Sauran shekara ɗaya da rabin nan tare za mu ƙarasa ta. Ni dai ina ganin hannun Ubangiji a wannan wuta.

Wani taimako nake nema. An ba ni jarrabawar wa'azi, kan cewa Allah magini ne, mu kuma yumɓu. Na tashi a gidan magina amma ko kasko ban taɓa ginawa ba, kin sani. Ki tambayo mini Mama darussa uku ko huɗu, masu shiga zuciya. Ki rubuto da wuri.

Ɗalibinki


Ranar Laraba

Maigidana,

Na gode wa Allah da tarin ya tafi. Mama lafiya, tana ci, tana barci. Ni ce bayana yake ciwo, ban san dalili ba, tunda yanzu babu tukwanen ɗauka.

Na faɗa maka gaskiya ka ce babi na tara. Kwana goma sha ɗaya na yi kafin na iya faɗa sau ɗaya. Ban san inda zan samo ƙarfin faɗa sau biyu ba.

Na kai wa Mama saƙonka. Ta ce, "Ki ce wa faston gobe ya zo ya tattaka laka kwana uku, wa'azin zai fito masa ta tafin ƙafa." Amma daga baya ta yi ta magana, ni kuma na rubuta.

Ta ce yumɓu ba ya gardama, tsakuwar da ke cikinsa ce take gardama. Shi ya sa ake tankaɗe shi, kuma ƙaramar tsakuwa ta fi babba haɗari, don babba kowa yana ganinta.

Ta ce ɗanyar tukunya duk yadda ta lalace ruwa yana karɓarta. A jiƙa ta kwana biyu ta manta ta taɓa karkacewa. Amma wadda ta shiga wuta, ko shekara za ta yi a ruwa ba ta komawa, sai turmi. Na tambaye ta, to shi ke nan ta zama shara? Ta ce wane shara. Tsingaron nan da ake dakawa ya zama gari, shi ake zubawa a sabon yumɓu, in babu shi sabuwar tukunya ba ta jure wuta. Ta ce, "Shi ya riga ya shiga, ya san yadda take, shi yake riƙe sauran." Ka gyara shi ya zama na majami'a, kai ka san yadda ake yi.

Abin da ba ta ce in rubuta ba shi ne yadda take wuni. Kullum da safe tana zuwa rumfa, ta zauna, ta gina. Jiya ta gama wani tulu, wuyansa kamar an zana. Idan ya sha iska kwana biyu sai ta ce in kawo bahon ruwa, ta farfasa shi da hannunta ta tsoma. Babu inda za a gasa shi, mutum ɗaya ba ya tayar da wutar gashi. Yumɓu ɗaya take ta juyawa, ya zama tulu, ya koma laka, ya zama tulu. Na ce, "Mama, ki huta mana." Ta ce, "An riga an faɗa mini."

Ranar Alhamis hayaƙin matoya ya biyo iska har tsakar gida. Ta ɗaga hanci ta ce, "Itacen nan bai bushe ba."

Ɗakin nan yana da taga? Ta wane gefe take kallo? Ina tambaya ne kawai. Akwai wani yadi mai furanni a akwatina, na ɗan gwada shi da kamu, zai yi labule biyu. Ka ga irin matar da ka aura.

Matarka


Ranar Juma'a

'Yar Littafi,

Salama. Lafiya kuwa? Mako uku ke nan direba yana zuwa hannu wofi, har ya fara jin kunyata. A waya kuma daga "lafiya lau" sai "ga Mama". Idan fushi kike yi don na ce babi na tara, na tuba, wasa ne. Idan kuma haɗa kaya ne ya sha miki kai, to madalla.

Albishir. Na yi wa'azin, kuma na ci! Maganar tsingaro ta sa malamin da ba ya murmushi ya cire tabarau. Amma inda majami'a ta yi tsit shi ne ƙarshe. Ban kama suna ba, na ce na san wata matashiya da surukarta ta yi kuskure a gaban jama'a, sai ta zauna ta tsara labari don laifin ya koma kanta. Na ce ashe ba abin da Ubangiji ya yi mana ke nan ba, ya ɗauki abin da ba nasa ba ya yi shiru? Wata uwa a layin gaba ta yi ta share ido da gefen ɗankwali. Matan sashen masu iyali sun gane ke ce, duk suna jiran ganinki. Kin yi suna tun ba ki iso ba.

Ɗaki yana da taga, gabas take kallo, akwai bishiyar lemo a gabanta. Na samo katako na kafa miki kanta a bango, za ta ɗauki littafi arba'in. Ta ɗan karkace ta hagu, amma da ƙauna aka buga ta.

Yaya ta ce motar za ta zo Asabar ta sama. A sauke Mama, ke ki wuto. Zan tsaya a tasha tun safe.

Ki rubuto ko layi biyu ne.

Mijinki mai jira


Ranar Talata

Maigidana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya. Ba fushi nake yi ba. Na yi shiru ne don duk abin da zan rubuta, ko dai ƙarya ce ko abin da ba za ka yarda ba.

Na karanta wasiƙarka a rumfa. Da na zo wurin uwar da take share ido sai na ji kamar an ɗora mini randa cike da ruwa a ka. Ranar Lahadi a sujada ana waƙa, na buɗe baki babu abin da ya fito. Na gaji, Maigida. Ban taɓa sanin yabo yana gajiyar da mutum haka ba. Littafin nan ma yana ƙarƙashin matashi, babi ɗaya ya rage, na kasa buɗe shi.

Jiya muka gama haɗa kayan Mama. Jaka biyu ne kawai, shekara talatin. Da yamma ta ce in fito da kwandon tsingaron da muka kwaso daga matoya ranar nan, a daka a bar wa matan, kada ya lalace a banza. Ta zauna a tabarma tana tsincewa da hannu tana miƙo mini, ni ina dakawa. Can sai ta tsaya a kan wani guntu, tana shafa cikinsa. Ta daɗe.

Ta ce, "Zo ki ga wani abu, ke mai ido."

Gindin randa ne. Ga facin da na yi, ya fi sauran ja, don ban sa masa garin tsingaro ba. A tsakiyarsa ga sawun yatsa, wuta ta gasa shi daram.

Ta ce, "Nawa ya fi wannan faɗi. Kuma ni ban taɓa yanka babban yatsana garin yankan albasa ina karatu ba."

Har tabon ya fito, Maigida, layi ɗaya a karkace.

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Tun yaushe, Mama?"

"Tun da na ji ƙarar. Busasshiyar randa ba ta irin wannan kuka."

"To me ya sa kika ce hannunki ne?"

Ta ce, "Ai da hannuna a ciki. Magina ba ta tambayar baki ko tukunya ta bushe, taɓawa take yi. Na tambaya, ban taɓa ba. Wannan rabona ne." Sannan ta ce, "Ni tsohuwa ce, in sun sallame ni tausayina za su ji. Ke kuwa in suka ji, 'yar da za ki haifa ma sai an nuna ta a hanya. Kuma na ji ki kina awon labule."

Na ce awon labule ba ya ƙara. Ta ce, "Kina ƙirga kamu a bakinki, shashasha."

Na yi dariya, dariyar ta juye kuka. Ta bar ni na gama. Sannan ta sa mini guntun a tafin hannu ta rufe yatsuna a kai, ta ce, "Jefa a turmi. Sau uku kawai zai sha taɓarya. Ki tafi wurin mijinki, kin yi ƙoƙari da ni."

Na riƙe shi a saman turmi. A littattafaina a irin wannan wuri ne ake yin ruwan sama ko wani ya shigo da gudu. Babu wanda ya shigo. Akuyar maƙwabta ce kawai take kuka. Na tuna tagar gabas da bishiyar lemo, na tuna da kai a tasha tun safe, Allah ya sani na tuna. Sai na kalli bahon ruwa, tulun shekaranjiya yana narkewa a ciki, wuyan bai gama nutsewa ba. Na ga Mama a ɗakin Yaya, a kan kujera mai laushi, hannuwanta a cinya.

Wa'azinka daidai ne, ka yi kuskuren mutum ne kawai. Wadda ta ɗauki abin da ba nata ba ta yi shiru tana nan zaune a tabarma, ita ce ta haife ka. Idan an sake ba ka dama ka gyara.

Na ce mata ba zan daka ba, wurin Iya Mai Wuta zan kai.

Ta ce, "Bakinta ya fi wutarta zafi."

Na ce na sani.

"Wadda tukwanenta suka fi fashewa za ta tofa miki yawu."

Na ce na sani.

"In sun mayar da ni tari, ke za ki ci gaba da jan tukwane. Shekara da rabi. Babu taga, babu lemo." Ashe wannan ma ta ji, na karanta wasiƙarka a bakina.

Na ce na sani, Mama.

Sannan ta ce, "To jawo jakar nan. Kin cusa zanen aikina can ƙasa kamar an gama da shi."

Ban san ko za su mayar da ita ba. Ina tsammanin za su mayar, don tun da aka cire randunanta tarinsu yake karkacewa, amma ba ni da tabbas. Ban kuma san da wane ido za ka kalle ni ba, kai da matan da suke jiran ganin wata wadda ba ni ba. Ka gafarta mini kantar da ka kafa. Ka zuba littattafanka a kai, ka sa masu nauyin ta dama.

Randa biyu ne, don haka na tona kwandon na samo guntu na biyu mai sawun. Shi ne a ƙulle cikin tsumman da direba zai ba ka tare da wannan takarda. Ka kai shi taga ka duba. Ka san yatsan.

Ka kira Yaya ka ce kada ta turo mota. Ranar Alhamis kafin a kunna wuta zan tsaya a matoya in faɗa musu ni ce. Ba zan zo ba.

Matarka